Man zaitun da yayar mijina ke sayarwa ya sauya mini fata, surukata kuma ta ajiye maganin hawan jini

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Tudun Wada, nan Kaduna, shekarata 29, ina da yara biyu, ƙaramin yana da wata 7 kuma ina shayar da shi. Yayar mijina, wadda mijinta ya rasu ya bar mata marayu huɗu, tana sayar da man shafawa da wasu kafso da ta ce da ruwan 'ya'yan zaitun zalla aka yi su, babu wani sinadari a ciki. Bayan na haihu fatata ta dushe, sai ta ba ni roba ɗaya. Cikin mako uku na yi haske har maƙwabta suna tambaya, ni kuma na ɗauki kuɗin adashina na sari kaya a wurinta ina sayar musu. Yau wata huɗu ke nan, gaɓoɓin yatsuna sun yi baƙi, nankarwa ta fito mini a damtse da cinya, ƙananan jijiyoyi sun bayyana a kumatuna. Da na daina shafawa na 'yan kwanaki, fuskata ta yi ja, ta feso da ƙuraje masu ƙaiƙayi da zafi, dole na koma. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne surukata, Hajiya, mai shekara 64, ta ajiye maganin hawan jinin da ta daɗe tana sha ta koma kan kafson, tana cewa zaitun bishiya ce mai albarka da Alƙur'ani ya ambata, kuma ta fi jin daɗin jikinta yanzu. Na yi wa maigidana magana, ya ce harkar mata ce, kada in haɗa shi da 'yar'uwarsa. Ina tsoron a ce hassada nake yi, ko ina son toshe wa marayu hanyar abinci. Shin zaitun ne bai karɓe ni ba? Yaya zan yi?

Wata 'yar'uwa daga Tudun Wada

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya raya miki yaran, Ya ba Hajiya lafiya mai ɗorewa, Ya kuma jiƙan mijin Yaya. Na karanta wasiƙarki da natsuwa, ban kuwa ga alamar hassada a cikinta ba, domin mai hassada ba ta ɗaukar kuɗin adashinta ta sari kayan wadda take jin haushinta. Amsar tambayarki ta farko gajeriya ce: ba zaitun ne ya ƙi karɓarki ba, saboda babu wani abu a cikin 'ya'yan zaitun da zai sa fata ta yi fari cikin mako uku, ko ya fito da nankarwa a damtse. Zan dawo kan fatarki, amma ki yi haƙuri in fara da Hajiya, domin cikin matsalolin da kika jero tata ce kaɗai za ta iya zama abin da ba ya gyaruwa kafin ƙarshen wannan wata.

Hawan jini ciwo ne da ba ya yawan nuna kansa. Maganin da Hajiya take sha ba kawar da ciwon yake yi ba, riƙe shi yake yi, kuma idan aka ajiye shi, cikin 'yan kwanaki ko makonni jinin yakan koma inda yake tun farko. Mutum yana iya jin kansa garau, yana zuwa biki yana zuwa islamiyya, alhali jijiyoyin ƙwaƙwalwarsa da zuciyarsa da ƙodarsa suna shan wahala, har ranar da ɓarin jiki zai shanye. Saboda haka cewar da ta yi ta fi jin daɗin jikinta ba shaida ba ce cewa kafson yana aiki. Sai dai kada ki ɗauki maganarta a matsayin taurin kai na tsofaffi, domin tana iya kasancewa gaskiya take faɗa. Wasu magungunan hawan jini suna kumbura ƙafa, wasu suna sa busasshen tari, wasu kuma yawan fitsari mai hana barci da wahalar da alwala, kuma wanda ya ajiye su zai ji sauƙin waɗannan cikin 'yan kwanaki ko makonni. Akwai kuma tsadar magani, wadda dattijuwa mai kunya ba za ta so ta riƙa tuna wa ɗanta da ita kowane wata ba. Ki zauna da ita ki tambaye ta cikin ladabi me maganin asibitin yake yi mata da ba ta so. Idan illa ce, likita zai iya sauya mata wani iri. Idan kuɗi ne, wannan nauyin maigidanki ne da 'yan'uwansa.

Game da hujjar da ta kawo, kada ki yi jayayya da ita, domin ba ta yi ƙarya ba. Allah Ya yi rantsuwa da zaitun a farkon Suratut Tin, Ya kuma kira shi bishiya mai albarka a Suratun Nur, sannan akwai hadisin da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito da ke umarni da a ci man zaitun a kuma shafa shi. Amma albarkar bishiyar ba ta zama shaida a kan abin da wani da ba mu sani ba ya zuba a cikin kafso, kuma babu inda aka ce wanda ya ci zaitun ya bar sauran magani. Hanyar da za ta fi sauƙi a zuciyar Hajiya ita ce kada a raba ta da zaitun ɗin. A sayo mata man zaitun na gaskiya, na ci, a rufe daga kamfani, ta riƙa zubawa a kan kwaɗon zogale ko dafaffen wake maimakon wani man, tana kuma shan maganinta na asibiti.

Yana da kyau ke kanki ki san abin da ake nufi da ruwan 'ya'yan zaitun, don ki iya magana da ilimi. Idan aka niƙa 'ya'yan aka matse man, akwai ruwa mai ɗaci da ragowar naman 'ya'yan da ke saura, kamar yadda tunkuza ke saura bayan an matse man gyaɗa. A cikin wannan ragowar ne mafi yawan wasu sinadarai da ake kira folifenol suke tsayawa, ɗan kaɗan ne ke bin man. Fitattu a cikinsu su ne oliyurofin, wanda shi ne ke sa ɗanyen zaitun ɗaci har sai an jiƙa shi a ruwan gishiri kafin a ci, da kuma haidiroksitairosol. Kamfanoni, musamman a ƙasashen gaɓar Bahar Rum irin su Sifen, wadda ta fi kowace ƙasa samar da man zaitun, da Italiya da Girka, suna tace wannan ragowar su mayar da ita ruwa ko gari, su sayar wa masu haɗa kayan kwalliya da masu yin kafso. Aikin da aka san waɗannan sinadarai da shi shi ne rage irin lalacewar da iskar oksijin ke yi wa kitse da ƙwayoyin halitta. A man shafawa ɗan kaɗan ake zubawa, don ya taimaka wa fata ya kuma hana man saurin ɓaci, kuma amfaninsa a hankali yake zuwa, ba mai ɗaukar ido ba ne.

Ko a Turai, inda aka fi bincike a kansa, abin da doka ta yarda a faɗa ɗan ƙanƙane ne. A shekarar 2011 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta amince cewa folifenol na man zaitun yana taimakawa wajen kare kitsen da ke cikin jini daga waccan lalacewar, a 2012 kuma aka sa shi a doka, da sharaɗin cewa kowane giram 20 na man, wato kimanin babban cokali ɗaya da rabi, ya ƙunshi aƙalla miligiram 5 na haidiroksitairosol da danginsa. Iyakar iƙirarin ke nan. Ba a ce yana warkar da hawan jini ba, ba a ce yana maye gurbin magani ba, balle a ce yana sa fari. Idan masu gonakin zaitun kansu ba a ba su damar faɗin haka ba, ki auna da kanki matsayin robar da ta iso Tudun Wada ba tare da sunan wanda ya yi ta ba.

Yanzu sai maigidanki. Ina zaton da kika yi masa magana, sunan Yaya ne ya fara fitowa daga bakinki, shi kuwa da ya ji haka sai ya ɗauka rigimar mata da dangin miji ce aka kawo masa, ya toshe kunne. Ban wanke shi ba, domin lafiyar uwa ba harkar mata ba ce, amma na fahimci tsoronsa: namiji da yayarsa ke riƙe da marayu yana jin nauyinta, wataƙila ma yana jin cewa bai taimaka mata yadda ya kamata ba. Ki sake masa magana a lokacin da hankalinsa yake kwance, kada ki ambaci Yaya ko kayanta ko kaɗan. Ki ce masa, "Abban yara, Hajiya ta daɗe ba a auna jininta ba, don Allah ka kai ta gobe a duba, hankalina bai kwanta ba." Awon ba ya ɗaukar minti biyar, ana yin sa a asibitin unguwa da manyan shagunan magani. Idan lamba ta kai 140 bisa 90 ko ta wuce, ta koma asibitin da katinta yake cikin makon nan, a tafi da tsohon maganinta da robar kafson, a bar likita ya faɗi abin da ke bakinki. Idan ta kai 180 bisa 120, ranar nan za a ga likita, ba gobe ba. Kafin nan kuma, idan kika ga bakinta ya karkace, ko hannu ɗaya ya yi nauyi, ko maganarta ta sarƙe, ko ta yi kukan matsanancin ciwon kai, a wuce da ita asibiti kai tsaye, kada a tsaya ba ta wani abu ta baki.

Abin da kika kwatanta a jikinki kuwa, ko da yake sai likita ya gani da idonsa zai yanke hukunci, ya yi kama sosai da aikin sitiroyid mai ƙarfi, irin wanda ake rubuta wa masu tsananin ciwon fata na ɗan gajeren lokaci, masu haɗa man bilicin kuma suke zubawa a ɓoye. Shi ne yake sa haske da sauri, yana sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana, yana tsaga ta ta yi nankarwa, sannan idan aka daina shi kwatsam fata ta yi bore da ja da ƙuraje, mai shi ya koma da gudu yana zaton man ne ke yi masa magani. Baƙin gaɓoɓin yatsu alama ce da aka saba gani ga masu shafa man bilicin, kuma sau da yawa irin wannan haɗin yana ɗauke da haidirokwinon, wani sinadari mai sa fata haske, wanda idan aka daɗe ana shafawa yake barin baƙin tabo mai wuyar fita, wani lokaci har da zaiba, wato makuri, mai lahani ga ƙoda. Dokar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, ta hana sitiroyid da zaiba a kayan kwalliya, ta kuma taƙaita haidirokwinon, kuma a 2023 hukumar ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. Sunan zaitun da aka rubuta a jikin robar shi ne ya sa mace mai kamun kai irinki, wadda ba za ta taɓa sayen man bilicin da sunansa ba, ta shafa shi wata huɗu da kwanciyar hankali.

Ki nemi ganin likitan fata ba da jinkiri ba, a asibitin koyarwa na Barau Dikko a nan cikin gari, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ki tafi da robar a jakarki, ki faɗa masa tsawon lokacin da kika yi kina shafawa, da sassan jikin da kike shafawa, da cewa kina shayarwa. Wanda ya yi watanni yana shafa sitiroyid a faɗin jiki ba a so ya yanke shi da kansa rana ɗaya. Likita ne zai tsara yadda za a janye shi sannu a hankali, ya kuma duba jininki da sukari da fitsari idan ya ga akwai bukata. Ki shirya zuciyarki, domin fatarki za ta yi duhu, wataƙila ma fiye da da na ɗan lokaci, kuma za a yi makonni ana ƙaiƙayi kafin ta lafa. Jan nankarwar zai dushe da lokaci, ko da yake ba ta cika ɓacewa gaba ɗaya ba, kuma gara ki ji wannan daga gare ni da ki ji daga mai sayar da wani sabon haɗin da zai yi miki alkawarin goge ta. A wannan tsakanin ki tsaya ga basilin ko man kaɗanya tsantsa da sabulu marar ƙarfi, ki guji rana mai zafi, ki ajiye dilka da duk wani abin gurza fata har sai ta warke, musamman idan hunturu ya shigo.

Kada ki yaye yaron saboda wannan. Abin da za ki yi daga yau shi ne kada man nan ya taɓa ƙirjinki ko hannuwan da kike rungumarsa da su, ki wanke hannu da sabulu kafin ki ɗauke shi, ki kuma gaya wa likita don ya duba shi ma. Tunda muna maganar jarirai, bari in ƙara wani abu da mata da yawa ba su sani ba: ko man zaitun na gaskiya ba kowace fata yake yi wa daɗi ba. A wani bincike da aka buga a 2013 daga Jami'ar Sheffield ta Ingila, manya sun riƙa shafa shi a hannu na kimanin wata guda, aka ga ya raunana saman fatar da ke tsare danshi, har ya ɗan sa ta ja. Don haka ba shi ne zaɓin farko ga fatar jariri ko fatar da ta riga ta yi rauni irin taki a yanzu ba.

Sai Yaya, wadda ita ce kika fi jin nauyinta. Ina ba ki shawarar ki kyautata mata zato, ba don lallashi ba, sai don hujja: macen da ta san akwai cuta a kaya ba za ta miƙa wa mahaifiyarta ba. Mafi kusa shi ne ita ma sara take yi daga wani dillali da ya rantse mata cewa zaitun ne zalla, ta yarda, ta ga ciniki yana tafiya, marayu suna cin abinci suna zuwa makaranta. Wannan bai sa kayan sun zama lafiyayyu ba, amma ya nuna ta inda za ki shiga. Ki bari sai kin ga likita tukuna, sannan ki je gidanta ke kaɗai, ba a gidan Hajiya ba, ba kuma a zauren WhatsApp na dangi ba. Ki nuna mata damtsenki da yatsunki ki ce, "Yaya, kin ga abin da ya same ni, likita ya ce an zuba mana wani abu a man nan. Ina jin tsoron kada wanda ke kawo miki kaya ya ja miki magana a unguwa." Da haka kin tsaya a gefenta kuna fuskantar dillalin tare. Tana iya yin fushi a ranar, kuma idan ta yi, kada ki mayar mata, domin wanda aka taɓa masa hanyar abinci sai ya kwana kafin ya ji magana.

Kada ki je mata da hani kawai babu mafita. Jarinta na gaskiya shi ne matan da suka saba saye a wurinta, kuma waɗannan za su sayi man kaɗanya mai kyau, da man zaitun na ci a kwalbarsa, da humra da turaren wuta da lalle, da man shafawa na kamfanonin da aka sani. Ki nuna mata abin da za ta riƙa dubawa kafin ta sari kowane kaya: sunan kamfani da adireshinsa, lambar rajistar NAFDAC, ranar da aka yi da ranar lalacewa, da jerin abubuwan da ke ciki. Inda akwai ruwan 'ya'yan zaitun da gaske za a ga an rubuta Olea Europaea Fruit Extract, kuma da yake ana jero kayan haɗi ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, idan ya zo a can ƙasa, to ɗan ɗigo ne a ciki ko da hoton zaitun ya cika kwalin. Ku sani kuma ana buga lambar jabu, don haka abin da aka yi shakka a kansa a tambaya a ofishin hukumar da ke Kaduna. Magungunan ganye masu lamba ma sukan ɗauki rubutun da ke cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar da aka yi ba. A nan ne maigidanki da 'yan'uwansa za su nuna zumuncin da yake kārewa, su haɗa mata ɗan abin da za ta sauya kaya da shi.

Akwai wani nauyi da ke kanki ke kaɗai, wanda ba ya bukatar izinin kowa. Daga yau ki daina sayar da abin da ya rage a hannunki, ko da kuɗin adashin zai tafi. A da ba ki sani ba, babu laifi a kanki, amma yanzu kin ga aibin kayan a jikinki, kuma hadisin da Muslim ya ruwaito a kan algus a ciniki ya shafi wanda ya san aibi ya ɓoye. Ki bi maƙwabtan da kika sayar wa ɗaya bayan ɗaya, ki fara da masu ciki da masu goyo, ki ce man ya yi miki illa, likita ya hana ki, su ma su je a duba su. Ba sai kin ambaci wurin da kika saro ba. Ki ajiye roba ɗaya da ba a buɗe ba, da kafso kaɗan, domin idan Yaya ta yarda, ku biyu za ku iya kai wa NAFDAC su bi sawun dillalin.

Idan maigidanki ya sake kau da kai, ki duba wanda Hajiya take jin maganarsa, ƙaninta ne, ko wata 'yarta, ko malamar islamiyyarsu, ki roƙe shi abu ɗaya tak, a kai ta a auna jinin. Idan ma hakan ya gagara, ki ari na'urar awo a wurin wata ma'aikaciyar jinya a unguwarku, ku je gaishe ta tare, a auna ki a gabanta, sannan a auna ta, ki rubuta lambar da kwanan wata a takarda ki miƙa wa ɗanta. Ki sake rubuto mini da abin da awon ya nuna da abin da likitan fata ya ce, sai mu duba mataki na gaba tare.